Zamanin da Holan Ke Korar Ruwa

Ku da kuka zauna ajin labarin ƙasa a shekarun 1970 ba za ku manta da Holan ba, ƙasar nan da malamai kan ba da labarinta suna jinjina kai: yadda mutanenta suka datse bakin tekun Zuiderzee a 1932 da ganuwa mai tsawon kilomita 32, bisa tsarin injiniya Cornelis Lely, suka yi ta zuƙe ruwa da famfo har ƙarƙashin teku ya bushe ya koma gonakin alkama da dankali, hanyoyi miƙaƙƙu sambal, itatuwa a jere, da garuruwa sababbi fil irin su Lelystad da Almere. Da ambaliyar 1953 ta ci rayuka 1,836, sai suka ƙara ɗaura ɗamara, suka shafe shekaru suna toshe mashigan teku a Zeeland. Mai tsara ƙasa a wancan zamani aikinsa ya ja layi, ruwa ya tsaya a bayansa.

Yau Holan da hannunta take rushe wasu ganuwoyin.

Matasa, kada ku ɗauka magabatan nan wawaye ne. Sun binne 'yan uwansu, suka yi rantsuwa ba za a sake ba. Sai dai a 1995 barazanar ta fito daga koguna, suka cika suka batse har aka kwashe mutum kusan 250,000 daga gidajensu. Nan aka gane cewa kogin da aka matse tsakanin ganuwa biyu ba shi da inda zai bi sai sama. A Nijmegen aka ja ganuwar ƙauyen Lent baya da mita 350, aka haƙa wa kogin Waal sabon reshe, tsibiri ya fito a tsakiya, jama'a suna zuwa shan iska da iyo. A Utrecht, tsohuwar mashigar ruwan da aka cike aka shimfiɗa titin mota a kanta, an tone ta, ruwa ya dawo a 2020. Dandalin Benthemplein na Rotadam kuwa, da aka buɗe a 2013, yara na buga ƙwallo a ciki idan gari ya bushe, in an sheƙa ruwan sama ya zama tafki.

Ina ganin na yau sun fi gaskiya, kuma aikinsu ya fi tausasa wa mai tafiya a ƙasa. Amma ina kewar ƙarfin zuciyar mutanen da, kuma ba na son a manta da waɗanda suka biya kuɗin wannan sabon tunani. A Lent an rushe gidaje kusan 50. A Noordwaard, ƙasar da aka sha wuya aka ƙwato daga ruwa, an buɗe wa kogi hanya ya bi ta cikinta. Manoma da dama sun kwashe kayansu sun tashi, waɗanda suka zauna kuwa aka sake gina musu gidaje a kan tudu.