Keken Ɗinki a Baturiya, Keken Ɗinki a Kano

Uwargida, idan kika bar Haɗeja kika nufi Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, ruwa da goruba da gonakin shinkafa ne za su fara cika miki ido. Nan ce fadamar da tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin sanyi. Ni dai ba kallon tsuntsu ya kai ni ba. Wata tsohuwar ɗalibata ce, tela mai hannu, ta ce maigidanta na so su koma Kano, wai can ne ɗinki ke da kuɗi.

Ba ƙarya ya yi ba. A Kano, telar da ta iya fitar da sabon yayi takan karɓi kuɗin ɗinkin leshin amarya ɗaya da ya fi na atamfofi da dama a ƙauye. Amma ki bi sawun kuɗin, 'yar'uwa. Ga hayar gida, ga ta shago, ga 'yan garuwa, ga gawayi, ga kuɗin A Daidaita Sahu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, janareta ma ya zama abokin rabon riba. Wadda ke zaune a shagon wani kuwa, yawanci iya abin da ta ɗinka ake biyanta. Mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 na 2024 ba da ita aka yi ba.

A Baturiya na tarar da ɗalibata a gidan gado, tana taka keken ƙafa a inuwa, shinkafa a buhu, kifi a tukunya. Na ci har na ji kunya.

Sai dai kada in ruɗe ki. Zare da zif da shafi sai ta aika Haɗeja, wani lokaci har Kantin Kwari. Ciniki sai Sallah da bikin kaka, sauran watanni bashi ne. Shekarar 2022 da ambaliya ta cinye gonaki, ta ce mata ba su yi sabon ɗinki ba, sai faci da rage tsofaffin kaya.

Da za mu rabu na bar mata littafin rubutu, na ce ta riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita har wata uku, su kwatanta da na ƙanwar mijinta da ke ɗinki a Kurna kafin su ɗaure kaya.