Littafin Auta

A cikin birnin Kano akwai wata yarinya 'yar aji biyar, a gida ana kiranta Auta. Tana da shekara huɗu ubanta ya rasu, saboda haka ba ta riƙe kamanninsa sosai ba. Da can hotunansa suna cikin wayar uwarta, in ta so ganinsa sai a nuna mata. Ran nan aka sace wayar a kasuwa, hotuna suka tafi tare da ita. Abin da ya rage sai guda ɗaya tak na takarda, yana cikin wani tsohon adudu a ƙarƙashin gado.

Wata rana da damina uwar ta jawo adudun, sai ta tarar gara ta huda gindinsa. Ta cinye rabin wata wasiƙa, har ta taɓa kusurwar hoton. Auta ta duba, ta ga saura kaɗan ɓarnar ta kai ga fuska. Hankalinta ya tashi ƙwarai.

A makaranta malamarsu ta taɓa nuna musu wani irin littafi wanda ake saye babu rubutu a ciki. Mai shi ne ke cika shi da hotuna da wasiƙu da guntayen jarida, ya yi wa kowane shafi ado. Ana ce da shi littafin liƙe-liƙe. Mutanen Ingila da Amurka sun daɗe suna yin irinsa. Har wani marubucin Amurka, Mark Twain, ya ƙago nasa a 1873, mai danƙo a jikin shafi, sai a jiƙa kawai a manna. Auta ta ce a ranta ita ma za ta yi nata.

Ta samo tsohon littafin rubutu, ta dama sitacin rogo a gwangwani, ta zauna a zaure. Ta ɗaga hoton za ta shafa masa ke nan, sai kakanta ya shigo.

Ya ce, "Amarya, me ake damawa ba a sam wa ango ba?"

Ta ce, "Kaka, ba na sha ba ne. Hoton Baba zan liƙa."

Tsoho ya yi maza ya riƙe hannunta. Ya ce, "Tsaya tukuna! Ruwan da ke cikin wannan zai tanƙware hoton, kuma sitaci abincin kyankyaso ne. Kin ƙwace shi daga bakin gara, za ki miƙa wa wani?"

Ta ce, "To, in sa salatif?"

Ya ce, "Shi ma in ya daɗe danƙonsa yakan yi ja, ya bar tabon da ba ya fita."

Kakan nan marubuci ne tun yana saurayi, ya san takarda da tawada. Ya shiga ɗaki ya ɗauko gafaka, ya zaro wata warƙa wadda kakansa ya rubuta. Ya ce ta ɗaga ta saitin rana. Da ta ɗaga, sai ta ga siffar jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Ya gaya mata a Italiya aka yi ta, aka kawo ta Turabulus, fatake suka ɗauko ta a kan raƙuma suka ƙetaro hamada har Kano. Ta fi shekara ɗari, amma ga ta da ƙarfinta. Sa'an nan ya nuna mata wani guntun jarida wanda bai fi shekara goma ba. Ya yi ja, ana taɓa shi yana karyewa.

Dalili kuwa shi ne, da tsumma aka yi tsohuwar takardar. Haka mutanen Sin suka fara, tun wajen shekara ta 105, da tsummoki da ɓawon itace. Takardar jarida kuwa da niƙaƙƙen itace ake yin ta, kuma a cikin itacen akwai wani abu wanda haske da iska ke sa shi ya yi ja. Don haka wanda ke son ajiya ta daɗe, sai ya zaɓi takarda mai kyau.

Kashegari suka tafi kasuwar Kurmi suka sayo farar takarda mai kauri, falle goma sha biyu. Suka naɗe su biyu, suka huda wuri uku a tsakiya, Auta ta ɗinke da allura da zare mai ƙarfi. Kaka ya jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, ya sa ƙaro, tawada ta yi baƙi ƙirin. Ya fiƙe mata alƙalamin kara, ya koya mata zayyana irin wadda ake yi wa allo da littattafai. A bar faɗin yatsa biyu a gefen shafi, a ja layi da rula, a kifa bakin kofi a fitar da da'ira, kana a cika da ja da kore da ruwan ɗorawa.

Shafin farko bai yi kyau ba. Garin sauri ta ja rula a kan ɗanyar tawada, layin duk ya dame. Ta fara hawaye. Kaka ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa. Da a kan hoton kika yi wannan fa?" Ta share ido, ta yanka wata takarda ta rufe wurin, ta sāke. A shafi na uku hannunta ya faɗa, har ta zana dagi ba ta yi kuskure ba.

Malamarsu kuma ta nuna mata yankan ado. A ninka takarda mai launi gida huɗu, a yanke gefe da almakashi, in an buɗe sai ga fure, kowane ɓangare daidai da ɗan'uwansa. Waɗannan ta manna su da ɗigon ƙaro kaɗan kaɗan.

Hoton kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ta auna shi a tsakiyar shafi, ta tsaga wuri huɗu a karkace, ta cusa kusurwoyinsa a ciki. Ya zauna daram, kuma duk ran da aka so ana iya zare shi.

Kaka ya ce, "Saura abu guda. Hoton da ba a rubuta kome a ƙarƙashinsa ba, in waɗanda suka san mai shi suka ƙare, ya zama baƙo a gidansa."

Auta ta tambayi uwarta inda aka ɗauki hoton, da shekarar. Uwar ta tuna wurin, shekarar ta ɓace mata. Sai da aka je wurin gwaggo aka samo. Gwaggo ta ba da labarin ƙuruciyarsa, kawu ya kawo takardar gama makarantarsa. Kowa da abin da ya riƙe, Auta tana rubutawa, har shafi goma sha biyar suka cika.

Ran da ta gama, ta kai wa uwarta. Uwar ta buɗe, ta daɗe tana duban shafin hoton, ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Ta tashi ta kwashe kayan da ke cikin akwatinta na ƙarfe, ta sa littafin a ciki, aka ɗora a bisa, nesa da ƙasa da danshin bango.

Kaka ya leƙo ya ce, "Amarya, na ga kin bar waɗansu shafuka fari."

Ta ce, "Naka ne, Kaka. Gobe bayan la'asar zan zo da alƙalami, ka fara mini tun daga farko."