Babur ɗin Daji a Kan Kwaltar Ankara

A wannan wata mun ɗan ajiye maganar yara da jarrabawa, za mu yi ta babur, wato abin da mu a nan Gana muke kira moto. Dalili kuwa shi ne, tun da muka fara hawan namu ba a yin mako guda wani ɗan'uwa bai tare mu a wajen mai koko ko a bakin lungu ba, ya ce, "Tica, nawa ka saya? Me ya sa ka zaɓi wannan dogon?" Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa muka ga gara mu rubuta ta.

Gidanmu yana New Town, wadda tsofaffinmu har gobe suke kira Legas Tawun, makarantar da aka tura mu kuwa tana can bayan Amasaman. Wanda ya san hanyar ya san abin da muke nufi. Tirotiro uku muke shiga kafin mu isa, mu bi ta Circle da Achimota da Ofankor da Pokuase. Gadar Pokuase da aka buɗe a 2021 ta rage wahala, sai kuma aka fara aikin hanyar Ofankor zuwa Nsawam a 2022, wahalar ta dawo da ƙawayenta. In an sauka daga babbar hanya kuma akwai sauran tafiya a kan jar ƙasa, wadda da damina direbobi sukan ƙi shiga. Darasin lissafi na 'yan ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar BECE, shi ne na farko da safe. Malamin da ya iso bayan an buga ƙararrawa ta biyu ya cuci yara hamsin, ko da laifin ba nasa ba ne. Ga kuɗin mota yana cin albashi kamar gara.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ku sayi sabon Boxer ko Haojue ko Apsonic kamar kowa? Tambaya ce mai kyau, kuma ga wanda tafiyarsa ba ta wuce Nima zuwa Makola ba, shawararmu ke nan gare shi, domin kayan gyaransu suna ko'ina, kowane yaron fita ya san cikinsu. Mu dai cikin babur ɗin ne ya dame mu, wato nisansa da ƙasa, da kuma ƙarfin shakazoba. Har ila yau akwai wata 'yar magana. Dokar hanya ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, a wancan lokaci ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, abin har ya zama maganar siyasa a zaɓen 2020, amma duk da haka okada ta cika gari, kuma duk wanda ya hau irin waɗancan babura, hannu ake ɗaga masa a kowace kwana. Ba mu raina sana'ar kowa ba, yaranmu da yawa da ita suke ciyar da iyayensu, sai dai ba mu so uwar ɗalibi ta tsayar da mu tana tambayar nawa ne zuwa Malata.

Da muka gama kwalejin horon malamai, wani ƙauye aka fara tura mu a wajen Salaga. A can muka ga malaman gona da ma'aikatan asibiti a kan Yamaha AG da Honda XL, suna ratsa rafi da yashi inda mota ba ta ko gwadawa. Irin waɗannan babura, in sun tsufa a hannun gwamnati ko ƙungiyoyin agaji, akan yi gwanjonsu, su yi ta sauya hannu har waɗansu su gangaro Ankara. Su muka shiga nema.

A nan sai a yi hattara, domin babur ɗin daji iri biyu ne. Akwai na tsere zalla, kamar Yamaha YZ, wanda aka ƙera ba fitila, ba wurin lamba, injinsa kuma ba ya son tafiyar sannu. Samari suna sha'awarsa saboda ƙara, amma mai zuwa aiki ya nisance shi. Akwai kuma wanda aka yi shi don daji da gari duka, shi ne abin nema. A cikin waɗannan ma, Yamaha DT125 mai bugu biyu ne, yana ƙona baƙin mai tare da fetur, yana da zafin tashi, amma ga hayaƙi ga shan mai. Mu muka tsaya a kan mai bugu huɗu, tsohon Honda XL185, wanda ba shi da gaggawa, ba shi kuma da yawan ƙorafi.

Ba mu je saye mu kaɗai ba. Mun ɗauki wani dattijon fita na Kotobabi, wanda ya fi shekara talatin yana kwance inji, muka biya shi ladan yininsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a je da sassafe ba tare da an gaya wa mai babur lokaci ba. Da isarmu sai ya ɗora tafin hannu a kan inji. Ya ce, "Tica, in ka tarar da shi da ɗumi, an riga an tashe shi don kada ka ji tarinsa na safe." Daga nan ya buga kik, ya tsaya yana kallon bakin salansa. Shuɗin hayaƙi a babur mai bugu huɗu alama ce ringi ya cinye, ko mai yana zubowa ta kan bawul. Ya sa kunne a saman inji ya daɗe, domin irin wannan Honda sandar da ke buɗe bawul tana juyawa ne a jikin kan injin kansa, in mai shi ya yi sakaci da canjin baƙin mai, kan ne gaba ɗaya zai lalace, samunsa kuwa sai an sha yawo. Ya sa aka ɗaga gaba, ya juya kan babur hagu da dama yana jin ko boris yana sarƙewa a tsakiya. Ya kama tayar baya ya girgiza. Ya bi sifoka ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana, wanda ya yi ƙara daban ya san ya saki. Sa'an nan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tanki yana neman sabon fenti ko walda, domin babur ɗin da ya sha tsalle a nan yake tsagewa.

Babura huɗu muka duba a mako uku. Wanda ya fi kyau a cikinsu, kuma ya fi araha, shi muka bari, saboda lambar da aka buga a wuyan ƙarfensa an goge ta an sake bugawa, haruffan ba su daidaita ba. Mai shi ya yi dariya ya ce, "Malam, ai takarda ba ta tuƙa moto." Masta bai ce masa komai ba, ya dai kama hannunmu muka fita. Jama'a, wannan ita ce babbar magana a cikin duk abin da za mu faɗa. Babura suna shigowa ta iyakar Togo ba a biya kuɗin kwastan ba, waɗansu kuma na sata ne. Ranar da 'yan sandan MTTD suka tsayar da kai, ko mai shi na asali ya gane abinsa, wanda ya sayar maka ya ɓace, kai ne za ka kwana a caji ofis, kuɗinka kuma ya tafi. Ga ma'aikacin gwamnati abin yana iya taɓa aikinsa ma. Mun san kuma yadda ake kallon ɗan Zango a kan babur marar lamba a garin nan, ba sai mun faɗa ba. Saboda haka wanda muka saya, sai da lambar jikinsa da ta inji suka yi daidai da takarda, kuma mai shi ya bi mu da ƙafarsa zuwa ofishin DVLA na 37 aka juya suna kafin ya karɓi cikon kuɗinsa. Muka yi takardar lafiyar abin hawa, da inshora wadda doka ta wajabta tun 1958, da lasin ajin A na masu babur.

Gyara kuwa da taya muka fara. Tayar daji mai ƙulle-ƙulle an yi ta ne don ta ciji laka, a kan kwalta kuwa kan ƙullen ne kaɗai ke taɓa ƙasa, in aka yi yayyafi ga man tirotiro ya zuba a hanya, kamar a kan kuɓewa kake tafiya. Muka sa mai tsaka-tsaki, inci 21 a gaba, 18 a baya. A Abossey Okai muka saya, kuma ga abin da ya kamata kowa ya sani: a gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen wani rubutu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 ke nan. Taya tana tsufa ko ba a taka ta ba, komai ƙyallin da mai shago ya shafa mata.

Sai kaca da farantanta masu haƙora. Mai shi na da ya sa na baya mai haƙora 50, na gaba 14, don hawan tudu. A nan malamin lissafi ya sami abin yi. Hamsin a raba da sha huɗu ya ba da wajen 3.6, wato sai ƙaramin ya juya sau uku da rabi da 'yan kai kafin taya ta juya sau ɗaya. Muka sa mai 45, lissafi ya sauko 3.2, aikin inji ya ragu da kashi ɗaya cikin goma a gudu iri ɗaya. Kukan da yake yi a hanyar Achimota ya lafa, mai ya ƙara auki, ƙarfin tashi ya ɗan ragu amma ba yadda za a damu ba. Mun ba 'yan ajinmu wannan a allo, har yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka yi ta gardama a kan amsa. A canja kaca da farantan biyu lokaci ɗaya, in ba haka ba tsohon zai cinye sabon. Kada kuma a ɗaure ta tamau kamar ta Boxer, domin ƙafar bayan wannan tana hawa da sauka da nisa.

Wuta ce ta fi cin kuɗi da haƙuri. Babur ɗin na bolt 6 ne, fitilarsa kamar aci-balbal, in inji ya yi sanyi a danja sai ta kusa mutuwa. Wani mai naɗa kwayil a Maamobi ya sake naɗa na fitila ya koma bolt 12, aka sa abin daidaita wuta da sabon batir, aka canja ƙwayaye da ham, aka mayar da sigina huɗu da fitilar birki da madubi biyu, waɗanda duk an cire su tun a daji. Sirdi ya yi mana tsawo, ƙafa ba ta kai ƙasa sosai, a cunkoson Circle kuwa mutum yakan sauke ƙafa sau ɗari. Mai ɗinkin kujerar mota ya rage soso ya faɗaɗa shi. Ranar Juma'a dai sai an tattare riga an cusa ƙarƙashin cinya, kada kaca ta kama. Birki na ganga ne gaba da baya, sabon takalmi da sabuwar waya kawai muka sa, mun kuma san ba ya kamawa kamar na faifai, don haka muke barin rata. Yaran Masta sun so su huda salansa don ya yi ruri, muka hana. Wanda zai fita bayan asuba a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu ba ya neman ruri.

Da aka haɗa lissafi, gyara ya ci fiye da rabin kuɗin saye, duka kuwa ya kusa kuɗin sabon ƙaramin babur. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Uwargida ba ta yarda da wannan saye ba tun farko, kuma ba za mu ce ba ta da hujja ba. Wani yaro da muka koyar tun yana aji huɗu, mai kai ƙwarai, ya faɗi a babur da yammacin wata Sallah a wajen Kanda, cikin ayarin samari masu ɗaga tayar gaba, ba hular kwano a kansa. Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika. Ita ta zauna da uwarsa har aka yi sadakar bakwai. Da maganar babur ta taso sai ta ce, "Malam, yara uku gare ka." Abin da muka yi mata alkawari shi ne hula mai rufe haɓa, a ɗaure ko da zuwa sayen burodi ne, wadda dokar hanya ta 2004 ma ta wajabta wa mai tuƙi da wanda aka goya. Na biyu, ba tuƙin dare. Na uku, in ruwa ya sauko mu nemi rumfa mu tsaya. Dogon babur yana ruɗin mai shi ya shiga ruwan da bai san zurfinsa ba, mu kuwa da muke nan ranar 3 ga Yuni 2015, muka ga abin da ambaliya da gobara suka yi a Circle, mun san kwatocin garin nan ba su da murfi.

Yanzu muna isa makaranta kafin a fara share fili. Da hunturu soson iska yakan toshe da ƙura, duk Asabar muke wanke shi, baƙin mai kuwa ba ma bari ya yi kauri. Da dare sai mun shimfiɗa katako a kan kwata mun tura babur cikin tsakar gida, mu ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙarfen tankin ruwa. Shakazoba na baya sun fara zubar da mai, Masta ya ce za su kai ƙarshen zango. Matakan mai goyo ma ya sa su tun tuni, da kariya ta ɗora littattafan yara, amma uwargida har yau tirotiro take shiga zuwa kasuwar Nima.