Farin Hayaƙin 911: Kwanakin Neman Taimin

Litinin

Da hantsi aka jawo ta gareji, wata tsohuwar Marsandi 911 mai bodin katako, cikin waɗanda suke kwasar gero da wake daga kasuwar Dawanau. Tana tashi, amma sai an sha fama, har batir ya ƙare a wajen kik. Alhaji mai motar ya biyo ta a baya, ko gaisawa ba mu gama ba ya yanke hukunci: injekta ce, a cire a mayar wa mai gyara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari mu fara jin ta bakin direba, sannan mu ji ta bakin motar."

Direban ya ce kwanan baya injektar ta fara yoyo, aka cire aka yi mata sabis, aka mayar. Tun daga ranar motar ta sauya hali. Da safe ba ta son tashi, in ta tashi sai farin hayaƙi ya turnuƙe. A hawa kuwa, inda da take wucewa da giya uku yanzu sai ya dawo biyu, ga zafin lagireto.

Muka sa wani batir muka tayar da ita. Na kai tafin hannuna bakin salansa. Tururin ruwa yakan jiƙa hannu ya ɓace nan da nan. Wannan kuwa yana yaji a ido, yana warin ɗanyen gas, ya tsaya a iska ya ƙi tafiya. Ruwan lagireto bai ragu ba, baƙin mai bai koma kalar madara ba, saboda haka na cire gasket daga lissafi. Sai ƙarar injin: ta yi laushi fiye da kima, babu ƙwanƙwasar nan mai kaifi ta lafiyayyen injin gas. Duk alamun na man da ke isa silinda a makare ne. Amma yau ban taɓa injektar ba, domin iska a cikin layin mai, ko nozul da ya gaji, duk suna iya kawo irin wannan hayaƙin.

Injin OM352 ne, silinda 6 a jere, lita 5.7, wanda kamfanin ya fara ƙerawa a 1964. Irin waɗannan motoci har a Inugu an harhaɗa su, a masana'antar ANAMMCO da aka buɗe a 1980. Babu kwamfuta a jikinsa, babu na'urar da za a jona ta faɗi ciwonsa. Ido ne da kunne da awo.

Talata

Yau ranar layin mai ce, daga tanki har nozul. A gindin filta ta farko muka sami ruwa da laka, abin da ba ya ba ni mamaki ga motar da takan sha gas a jarka a gefen titi. Muka sauya filtocin. Na sa guntun tiyo mai garai-garai kafin injekta, muka ga ƙananan kumfa suna bin man. Wata wosha ta jan ƙarfe ce ta lotsa tana shaƙar iska. Muka sauya ta, muka buga famfon hannu har man ya fito ba kumfa.

Nozul shida na aika aka gwada a kan na'urar matsi. Biyar sun buɗe a wajajen bar 200, suna feshi lumui kamar hazo. Ɗaya yana ɗiga, aka sauya shi. Na daidaita tazarar bawul ma tun da murfin a buɗe yake.

Injin ya daina rawa, tsayuwarsa ta daidaita. Hayaƙin yana nan daram.

Da la'asar Alhaji ya kira. Wani ya ba shi shawara: a sassauta notinan injekta, injin yana aiki, a murɗa ta kaɗan-kaɗan har hayaƙin ya ɗauke. Na san ana yi, kuma sau da yawa hayaƙin yakan ɗauke ɗin. Abin da na ƙi a ciki shi ne kunne ba ya sanin inda ya kamata a tsaya. Mai murɗawa yakan zarce, domin injin da aka yi wa gaggawar mai yana tashi da kik ɗaya, ya yi kuzari, direba ya tafi yana godiya. Bayan 'yan watanni sai a ga fistin ya tsage ko gasket ya ƙone, domin wutar tana tashi fistin bai gama hawa ba, kowane zagaye tana dukansa a ka. Ranar da injin ya buga kuma ba mai tuna wanda ya murɗa. Na roƙi Alhaji ya ƙara haƙuri.

Laraba

Kafin mu fara na zaunar da yaron da nake koya wa aiki, don ba na son ya riƙe sifana a kan abin da bai gane ba. Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne yake matse iska har kusan kashi 1 cikin 17 na girmanta, ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai a fesa mai ya kama da kansa. Amma ba nan take yake kamawa ba, yakan ɗan jinkirta kamar kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na daƙiƙa. Wannan injin in ya kai zagaye 2,800 a minti, cikin kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa karanshaf ya juya kusan digiri 17. Shi ya sa dole feshin ya fara kafin fistin ya kai ƙololuwa. Na ce masa ya tuna mata biyu suna lugude a turmi ɗaya: ƙarfin kowacce ba shi da amfani sai taɓaryarta ta sauka a lokacinta. In mai ya makara, fistin ya riga ya fara sauka, iska ta fara hucewa, wani man ya fita salansa bai ƙone ba, wanda ya ƙone kuma zafinsa ya tafi jikin injin maimakon ya tura kaya.

Sai aikin ɗiga. Injektar irin ta Bosch ce mai filanja shida a jere, salon da kamfanin ya fara ƙerawa da yawa tun 1927, kuma hanyar gwada ta a jikin mota ba ta buƙatar komai sai guntun bututu da natsuwa. Muka fara tabbatar da cewa silinda ta 1 tana matse iska: injekta tana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, don haka alama takan zo daidai sau biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na banza. In rokokin silinda ta 6 suna musaya, ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa, to ta 1 ce a kan aiki.

Na wanke saman injektar da gas mai tsabta, na sa aka rufe ƙofar rumfa saboda ƙurar hunturu, domin filanja da gidanta tare aka goge su, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta lalata su. Na kwance bututun lamba 1, na zare ƙaramin bawul ɗin da ke ƙarƙashinsa da sifirinsa, na jefa su a gwangwanin gas. Na mayar da murfin, na ɗaura wani tsohon bututun nozul da na yanke na lanƙwasa bakinsa ƙasa. Aka ɗaure totur a cike. Yaron yana buga famfon hannu, mai yana zuba ta bakin bututun, ni kuma ina juya injin da doguwar sifana, a hankali, ta inda yake juyawa in yana aiki. Ba a komawa baya a wannan aiki. In an zarce sai a ja baya sosai a sake tahowa, saboda lakon da ke tsakanin haƙoran giya. Zubar ta ragu, ta koma ɗigo, ɗigon ya yi nisa da juna, har ɗaya ya tsaya yana lilo a bakin bututun ya ƙi faɗuwa. Nan ne filanja ta rufe ƙofar mai, nan feshi yake farawa.

Na leƙa fuli. Alamar FB, wadda ke nuna farkon feshi, tana kan ɗan ƙarfen manuni cif-cif. Muka maimaita, haka dai. A takarda taimin daidai yake, motar kuma tana ta hayaƙi.

Alhamis

Mai gyaran injektar ya zo da kansa, ransa a ɓace don ya ji Alhaji yana ɗora masa laifi. Dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Ya ce, "Ɗana, filanja shida na auna su ɗaya bayan ɗaya a kan benci, 1-5-3-6-2-4, digiri 60 tsakanin kowacce da mai bi mata. In akwai ciwo ba a hannuna yake ba."

Na ce, "Baba, ban yi maka musu ba." Kuma har zuciyata na yarda da shi. Wanda ya mayar da injektar ma ya bi alama yadda ya kamata.

Muna tsaye muna kallon gaban injin, yaron motar ya ce, da ma a nan ne bel ɗin fanka ya taɓa tsinkewa da damina, ya karya wani ɗan ƙarfe, mai walda ya liƙe shi. Na goge maiƙon da tsumma. Ga dunƙulen walda a gindin manunin. Tun damina alamar take a karkace, amma ba ta cutar da kowa ba, domin ba a taɓa injektar ba. Sai ranar da aka cire ta aka mayar a kan wannan alama. Ashe a nan gizo yake saƙa.

Juma'a

Ba a yi aiki sosai ba. Bayan an sauko daga masallaci na je wajen masu yankan karanshaf na aro agogon awo mai gindin maganaɗisu.

Asabar

Tun da manuni ba abin dogaro ba ne, sai a tambayi fistin da kansa. Na kawo na lamba 1 dab da sama, na cire sifirin bawul ɗaya, na naɗa waya a wuyansa kada ya faɗa ciki, na sake shi ya zauna a kan fistin. Na ɗora bakin agogon a kan bawul ɗin. Yanzu duk motsin fistin yana bayyana a allura.

A can ƙololuwa fistin yakan ɗan tsaya ko da karanshaf yana juyawa, don haka ba a dogara da inda allura ta tsaya. Sai na zaɓi wani adadi kaɗan kafin sama, na ja layi da alli a fuli daidai manunin. Na wuce sama har allura ta dawo wannan adadin, na ja layi na biyu. Tsakiyar layukan nan biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. Alamar OT ta kamfani, wadda ke nuna ƙololuwa, ta kauce mata da kusan faɗin ɗan yatsa. Na zagaya fulin da zare na raba tsawonsa gida 360; kowane digiri bai kai milimita 2 ba. Lissafi ya nuna man yana makara da kusan digiri 8.

Na cire manunin, na gyara zamansa har ya hau OT daidai lokacin da fistin yake sama. Na tsayar da injin a FB, na sassauta notinan injektar da na bututunta, na karkata jikinta saɓanin yadda cikinta yake juyawa, a hankali, har ɗigon ya sake tsayawa. Na ɗaure, na sake gwadawa don ɗauri yakan ja ta. Wajen mayar da ƙaramin bawul ɗin injektar na hana yaron sa ƙarfi, domin in aka matse murfin ya wuce kima gidan filanja yakan murɗe, totur ya riƙa maƙalewa.

Ta tashi, ƙwanƙwasar ta dawo. Amma da rana ne, ana zafi, don haka na ce wa direban ya bar murna sai gobe.

Lahadi

Bayan sallar asuba, sanyi yana ratsa riga, direban ya murɗa makulli. Injin bai yi juyi da yawa ba ya kama. Ɗan hayaƙi ya fito ya washe kafin mu gama shan shayi.

Aka yi mata lodi a Dawanau muka bi hanyar Katsina har Bichi. Allurar zafi ta zauna a inda take zama, direban bai nemi giyar ƙasa ba a inda da yake nema. Da muka dawo na buga layi da cizal a inda jikin injektar ya haɗu da mazauninta, domin duk wanda zai sake cire ta ya san inda zai mayar. Na sa Alhaji ya kira mai injekta a gabana ya gaya masa aikinsa lafiya lau ne. Gobe da sassafe motar za ta tashi zuwa Maraɗi ta Jibiya.