Tafinta a Bakin Ɓaraguzai

Ƙarfe 4:17 na asubahin Litinin, 6 ga Fabrairun 2023, gadona ya soma tangaɗi da ni kamar kwalekwale. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a Antakya, a lardin Hatay na kudancin Turkiyya. Gidan da muke haya hawa biyu ne, ya tsage amma bai faɗi ba. Muka fito cikin ruwan sama ba takalmi, bakina ba ya iya kama komai sai Innalillahi. Daga baya muka ji ƙarfin girgizar ya kai maki 7.8, kuma da azahar wata ta biyu ta ƙarasa abin da ta farko ta bari.

Kwana biyun farko da hannu da guduma aka yi tono. Titin saukar jirage na Hatay ya dare, hanyoyi sun karye, taimako sai ta Adana yake biyowa a mota. A rana ta uku na ga wasu Turawa da hular kwano da karnuka biyu, jama'a sun kewaye su, kowa na nuna nasa gini, ba mai jin yaren wani. Na ce ina jin Turanci da Turkanci. Shugabansu ya miƙo mini hula, shi ke nan na zama tafinta.

Na ɗauka sojoji ne. Ashe 'yan sa-kai ne, ba mai biyan su ko sisi. Shugaban gyaran wutar lantarki yake yi a garinsu, mai kula da karnukan kuma ma'aikaciyar jinya ce da ta bar yara biyu a gida. Ranakun hutu suke atisaye, shekara da shekaru, saboda rana irin wannan.

Abin da ba zan manta ba shi ne shirun. Sai a busa usur, a ɗaga hannu. A kashe janareto, a kashe katafila, motocin kan titi su tsaya. Ɗaruruwan mutane, har uwar da ke kuka, kowa ya haɗiye numfashi. Sannan in durƙusa a bakin rami in ƙwala kira: "Sesimi duyan var mı?" Wato, akwai mai jin muryata? In ƙara da cewa wanda bai iya magana ya ƙwanƙwasa sau uku. Mai na'urar sauraro ya runtse ido, mu kuwa fuskarsa muke karantawa.

Ni da na taso da sanin cewa in kare ya sa baki a ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai, ga ni ina roƙon Allah Ya sa kare ya yi haushi. Haushinsa na nufin ya sansano mai rai. In na farko ya yi, sai a kawo na biyu ya tabbatar.

Karnukan sun yi haushi a wani bene da ya kwanta kamar an jera tabarmi. Masu haƙar kwal daga Zonguldak suka haɗa hannu da Turawan, suna tono suna tokare rami da katako yadda suke yi a ƙarƙashin ƙasa. Aka kwana ana yanka rodi. Da aka kai ga matar da ke ƙarƙashin ginin, ban gane dalilin da ya sa ba a jawo ta nan take ba. Ma'aikaciyar jinyar ta rarrafa ta sa mata ƙarin ruwa tukuna. Ta ce naman da nauyi ya daɗe da dannewa yakan tara guba, ana ɗaga kankaren sai ta kwarara cikin jini ta taɓa zuciya da ƙoda. An fito da ita a nannaɗe cikin bargo, kabbara ta tashi.

Gini na gaba shi ne wanda har yau yake hana ni barci. Wani dattijo na zaune a kujerar roba, ya rungume rigar sanyin 'yarsa. Aka yi shiru sau uku. Karnuka suka zagaya suka dawo. Shugaban ya ɗauko fenti ya yi alama a bango, ya dube ni: "Gaya masa ba mu ji kowa ba. Akwai masu rai a gaba, dole mu tafi."

Na san gaskiya ya faɗa, ban kuma taɓa ganin laifinsa ba. Su goma sha wani abu ne, birnin kuwa ya rushe kusan duka, kuma bayan awa 72 fatan samun mai rai raguwa yake yi. Amma daga bakina maganar za ta fito.

Na durƙusa na ce, "Amca," wato baffa, na gaya masa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka ce musu barci take da nauyi. Su sake kira."

Na fassara. Baturen ya yi jim, ya sake busa usur. Na kira sunanta har muryata ta dushe. Ba amsa.

Mutum sama da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da na Siriya. Cikinsu har Christian Atsu, ɗan ƙwallon Ghana, wanda aka ciro gawarsa a Antakya ranar 18 ga wata. Tawagar ta kama hanyar Adana bayan mako guda, kowa ya yi baƙi ya rame. Ranar na bi ta layin ginin nan. Dattijon na nan a kujerarsa, katafila ta fara kwasar ginin, yana bin kowane ɗiba da ido.