Motar Babana

Duk ranar ziyara, idan aikin tsayawa a ƙofa ya faɗo kaina, nakan ga wani abu da ɗalibai suke tsammani malamai ba su lura da shi ba. Tun ƙarfe tara na safe sai su jeru a gindin itatuwan da ke kusa da ƙofar makaranta, wai suna jiran iyayensu. Jiran kam suna yi, amma akwai wani aikin da suke haɗawa da shi, wato ba motoci maki. Idan babbar jip ta shigo sai a yi tsit, ana zungurin juna ana cewa, "Baban wa ne wannan?" Idan kuwa tsohuwar Golf ta haya ce ko keke mai ƙafa uku, sai a rufe baki ana dariya, yaron da aka zo dominsa kuma ya riƙa jan ƙafa kamar wanda aka kira ofishin shugaban makaranta. Ban ɗauki alƙalami domin in tsawata wa kowa ba. Ni ma na taɓa zama a irin wannan gindin itace, kuma abin da na yi a wurin har yau yana damuna. Shi ya sa da kwamitin wannan mujalla ya nemi rubutu a wurina, na ce bari in ba da labarin motar babana.

Babana direban haya ne. Yana jan Peugeot 504 doguwa, mai layin kujeru uku, wadda kowa ke kira Fijo, tsakanin Kafanchan da Jos. A shekarar 1995 ina aji biyu a makarantar kwana, kuma mu ma a lokacin muna da namu ma'aunin. Mai Marsandi babban mutum ne, kuɗi sun zauna masa. Mai Honda ɗan gayu ne. Mai Fijo ƙarama ma'aikacin gwamnati ne. Mai Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru tsohon malamin makaranta ne. Amma Fijo doguwa motar tasha ce, direbanta kuwa mun riga mun yanke masa hukunci tun bai fito ba: ɗan tasha, mai zage-zage, mai ganganci, wanda bai yi makaranta ba. Saboda haka da abokaina suka tambaye ni aikin babana, sai na ce yana harkar sufuri. Ba ƙarya na yi ba, amma na zaɓi kalmomin ne domin su ɗauka yana da motoci da yawa.

Ran nan sai ga motar ta shigo. Fentinta ya koɗe, an ɗaure but da igiya, takardar ƙungiyar direbobi tana manne a gilashi. Wani a cikinmu ya ce, "Kai, wannan ya ɓata hanya, tasha yake nema." Kowa ya yi dariya, har da ni. Na sulale na koma bayan ɗakin cin abinci, na bar Baba yana tambayar yara ko sun san inda nake. Sai da na ga taron ya watse na fito. Ya kawo mini gari da sukari da ƙuli-ƙuli, ya kuma ciro kuɗin makarantata daga aljihu, ƙananan takardu da suka sha hannu, suna warin fetur. Da zai tafi na ce masa, "Baba, in za ka sake zuwa, ka riƙa ajiye motar a waje, ciki ba wuri." Ya dube ni, ya dubi filin da ko rabinsa bai cika ba, ya ce, "To." Daga ranar har na gama makaranta bai sake shigo da ita ba. Yakan ajiye ta a bakin titi ya tako da ƙafa, da kaya a kafaɗa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, motar da nake jin kunyarta ta taɓa zama motar manya. An buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji, kuma a shekarar ne aka fara haɗa Volkswagen a Legas. A zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, 504 ce motar manyan jami'an gwamnati. A da ma'aikaci yana iya karɓar bashin mota a wurin aiki ya sayi sabuwa fil. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dalar Amurka daraja. Amma da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, naira ta faɗi, har a 1994 gwamnati ta tsayar da dala ɗaya a kan naira 22, a kasuwa kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai aka koma sayen tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano, har sunan garin ya zama sunan irin waɗannan motoci. Fijon da kwamishina ya hau jiya sai ta gangaro ta zama motar tasha, a 2006 kuma aka daina haɗa 504 a Kaduna gaba ɗaya. Motar ba ta canja ba, zamani ne ya juya. Da ma Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Mu ma mun ga irin wannan da idonmu. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a garuruwanmu cikin 'yan kwanaki. Mutane da yawa suka rufe manyan motocinsu da tamfol suka koma hawan haya. Ko darajarsu ta ragu ne a cikin mako guda? Idan mota ce ma'aunin mutum, to, sai mu ce farashin mai ne yake ɗaga mutum yake sauke shi.

Idona ya fara buɗewa ne a dogon hutun da na gama aji uku, lokacin da Baba ya ce in riƙa binsa ina taya shi lodi. Kullum tun da asuba yakan buɗe gaban mota ya duba ruwa da baƙin mai da man birki, ya zagaya ya taɓa kowace taya. Idan muka zo gangaren Hawan Kibo, inda motoci da yawa suka halaka, yakan sa ƙaramar giya tun daga sama, motar ta riƙa sauka tana gurnani. Na tambaye shi dalili, sai ya ce wanda ya dogara ga birki kaɗai a doguwar gangara, birkin zai yi zafi ya daina kamawa, amma inji ba ya gajiya da riƙe mota. Ba ya tafiyar dare. Fasinjoji masu sauri sukan yi masa gunaguni, wasu ma in sun ga shi ne a kan layi sai su jira mota ta gaba. A tasha har suna suka sa masa, wai Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Shekara 26 ya yi yana wannan hanya, ba a taɓa rasa rai a motarsa ba.

A wannan hutun ne kuma na gane abin da zuwansa ranar ziyara yake ci masa. Ranar Asabar ce ranar da fasinja suka fi yawa. Duk zuwan da ya yi wurina, kuɗin yini guda ya bari, ga man da zai ƙona, a shekarun da direba kan kwana a layin gidan mai ko ya saya da tsada a wurin 'yan bumburutu.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk abin da ake faɗa a kan direbobi ƙage ne. Na zauna a tasha, na ga masu cusa mutum biyu a kujerar gaba, na ga masu shan ƙwaya domin kada barci ya ɗauke su, na ga masu wuce mota a kan kwana. Amma na kuma ga abin da yake tura da yawansu. Yawancin direbobin haya ba su ne masu motar ba. Akwai balas da za su kai wa mai mota kowace rana, ko an samu ko ba a samu ba. Akwai kuɗin ƙungiya, da na 'yan kamasho, da abin da ake miƙawa a hanya. Direba yakan yi sa'o'i a layi kafin lodi ya zo kansa, saboda haka in ya tashi sai ya yi gudu domin ya samu sawu na biyu. Baba ma shekara tara ya yi yana jan motar wani kafin ya biya ta kaɗan-kaɗan ta zama tasa. Wannan ba hujja ba ce ta wasa da rayukan mutane, amma ya nuna cewa ba a haifi kowa da ganganci ba.

Ganganci kuma ba na motar haya kaɗai ba ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta sha bayyana cewa gudun wuce kima ne kan gaba a cikin abubuwan da ke jawo haɗari a hanyoyinmu. Gudu kuwa ba shi da irin mota. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ya ga yadda wasu masu manyan motoci suke kora mutane cikin kwata ya san haka. Haka nan maganar da ake yi wa mata. Da an ga mota tana tafiya a hankali sai a ce, "Ai mace ce." Abin da aka yi wa Baba ba'a a kansa a tasha, shi ne ake yi wa mata ba'a a kansa a cikin gari, alhali shi ne tuƙin da yake kai mutum gida.

To, ko mota ba ta faɗin komai game da mai ita? Tana faɗi. Ba wanda zai sayi sabuwar jip da albashin malamin makaranta, wannan kowa ya sani. Amma ba ta faɗin ko ta ofis ce, ko ta aro ce, ko bashi ne a kanta. Ba ta faɗin ta wace hanya kuɗin suka zo. Ba ta faɗin mutum nawa mai ita yake ciyarwa. Na daɗe ina riƙe da aji, kuma zan iya shaida cewa ba a gane wanda zai biya kuɗin makaranta a kan lokaci ta wurin duban abin da ya hau. Direbobi da kansu suna da magana a kan wannan: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Da na ce ban zo tsawata wa kowa ba, ina da dalili na biyu. Shekara biyu da suka wuce, ina tsaye a ƙofa ina nuna wa baƙi wurin ajiye mota. Wata jip ta shigo, na yi sauri na nuna mata inuwa, har da ɗan rusunawa. Bayanta sai ga wani dattijo a tsohuwar Golf mai fentin haya. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Baba, a ajiye a waje, ciki ba wuri" ba. Ya ce, "To, Malam," ya fara ja da baya. Wannan "To" ɗin ce ta sa jikina ya yi sanyi, domin na san inda na taɓa jin ta. Na bi shi da gudu na ba shi haƙuri, na shigo da shi. Ashe abin da yaro ya koya a gindin itace yana iya binsa har ya yi furfura. Mu manya kuma sai mu tambayi kanmu a ina yaran suka koya. Suna ganin wanda maigadi yake buɗe wa ƙofa da sauri, suna ganin wanda ake kai wa kujerar gaba a wurin biki, har ma a majami'a ranar Lahadi.

Baba ya rasu a 2011. Na gode wa Allah da ya ba ni zarafin yi masa maganar kafin nan. Bayan na gama kwalejin horar da malamai na fara aiki, wata rana yana koya mini tuƙi a wannan Fijon, sai na tsayar da mota na ce, "Baba, ka tuna ranar da na ce maka ciki ba wuri? Akwai wuri. Kunya nake ji." Ya yi dariya ya ce, "Ai na sani tun a ranar. Kai na zo gani, ba su ba. In ajiye ta a waje zai sa ka ci abincinka da kwanciyar rai, mene ne a ciki?" Sa'an nan ya ce in tayar da mota, in kuma daina sakin kulochi da ƙarfi. Bai sake tayar da maganar ba.

Ya ku ɗalibai, musamman ku da kuke fita a bana, ba na hana ku burin hawan mota mai kyau. Ku yi karatu, ku yi aiki, ku saya da guminku. Amma in kuna son sanin halin mai mota, ku dubi yadda yake yi idan tsohuwa tana ƙetare titi, da yadda yake magana da bakanike da mai gadin ƙofa. Ranar ziyara mai zuwa kuma, duk abin da ya kawo mahaifinka ko mahaifiyarki, ko jip ce, ko Golf, ko acaɓa, ko ƙafa, a tashi a tarye su tun daga ƙofa, a karɓi kayan da ke hannunsu a gaban kowa. Ni na samu wanda ya yafe mini tun ban roƙa ba, amma shekara huɗu da Baba ya yi yana takowa daga bakin titi ba zan iya mayar masa da su ba.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gida lafiya.