Doguwa da Gajeruwa

A ƙasar Ƙaraye da Rogo, gidan da ya gaji harbi ba ya ɓuya. Ko ba ka ga karnuka kwance a ƙofar zaure ba, in ka shiga turakar maigida za ka tarar da ita rataye a bango, inda hannun yaro ba zai kai ba. Wasu su ce adaka, wasu bindigar toka, masu tsokana su ce harba-ruga. Mu da muka tashi a irin waɗannan gidaje doguwa muke ce mata, don in aka kafa gindinta a ƙasa, bakinta yakan kai wa babban mutum ƙirji.

Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihi ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. Har gobe, ranar hawan Sallah, ƙararta ce ke sanar da gari cewa sarki ya fito. Tamu ta ƙauye ba ta da wannan gata, amma tana da asali. Mun san maƙerin da ya ƙera ta, mun san kakan da ya fara rataya ta, mai unguwa ya san da ita, sarkin baka ya san da ita.

Ado kuwa, ba a barin doguwa tsirara. A naɗe ƙotar da jan fata, a kewaye ta da ƙusoshin tagulla, a ɗaura wuri biyu ko uku, sai layu da aka ɗinke a wurin dukawa. Maratayinta na fatar sa ne, gumin shekaru ya sa shi baƙi wuluk. Ga ƙahon albarushi, ga burgamin fatar akuya da ake zuba dalma da tsumma. Iyayenmu da fitilar goshi mai wari suka yi farautar dare, mu kuma yanzu cocilar caji muke ɗaurawa da robar taya. Kowane maharbi da irin adonsa, har ta kai ko a tsakiyar taron farauta aka jingine bindigogi ashirin a gindin kuka, yaro ɗan shekara goma zai iya nuna ta gidansu, ya kuma faɗi ta gidan wane da ta gidan wane.

Harbinta sai mai haƙuri. Za ka zuba albarushi ta baki, ka tura tsumma, ka daddaga da sandar ɗuri, ka zuba dalma, ka sake toshewa, sannan ka ɗana. Harbi ɗaya gare ka. In ka kuskure, zomon ya tafi, zabin daji sun watse, hayaƙi ya rufe maka ido, kafaɗa na zugi. In damina ta jiƙa albarushi, sai ka ja kunama ka ji shiru, kuma a nan ne aka fi hana mu leƙa bakinta, don takan yi jinkiri sannan ta tashi. Saboda harbi ɗayan nan, maharbi ba ya ɗaga ta sai ya tabbata abin da ke motsi a ciyawa dabba ce. Shekaru yaro yake yi yana ɗaukar burgami da riƙon karnuka kafin a yarda ya taɓa kunama, kuma darasin farko shi ne hadisin da ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa.

Ƙannenmu da 'ya'yanmu wata bindigar suka sani. Sun fara ganinta a waya, cikin PUBG da Free Fire, inda suke kiran sunayen AUG da FAMAS kamar sunayen 'yan ƙwallo, suna sa musu madubin hange, suna canja musu launi da kuɗin kati. Daga baya suka gan ta ido da ido a ƙirjin jami'an DSS masu rakiyar manya: Tavor, ƙirar Isra'ila. Turawa na ce wa wannan fasali bulfof, mu kuma muka sa mata gajeruwa. Dabarar ita ce an mayar da gidan harsashi da duk kayan cikinta bayan kunama, cikin ƙotar da ake dafawa a kafaɗa. Sai jikin ya gajarce, bututun bai ragu ba. Tsawon Tavor kusan santimita 72 ne, alhali AK-47 ta kai 88, amma bututun Tavor ya fi na AK tsawo. Don haka take da sauƙin juyawa a cikin mota ko a lungu. Tun ƙarshen shekarun 1970 sojojin Ostiriya da na Faransa suka rungumi irin wannan ƙira. Harsashi 30 take ɗauka, kuma za ta iya zazzage su kafin mai doguwa ya gama kwance bakin ƙahonsa.

Da a waya abin ya tsaya, da babu damuwa. Amma Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, kuma labarin masu satar mutane da ɓarayin shanu ya daina zama labarin nesa. Mafarautan da suka saba bin sawun gada, su ne yau ke kwana a bakin gari suna sintiri. Idan aka zauna a majalisa bayan isha'i, matasanmu sukan tambaya: da wace fuska za a tura mutum da harbi ɗaya ya tari mai harsashi talatin? Tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gadi cikin duhun gonar rake, yana jin kukan babura daga nesa, ba zai raina ta ba.

Dattawanmu ba sa musun wannan. Abin da suke cewa shi ne, doka dai ta raba. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin yaƙi cikin waɗanda aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa, ta bar lasisin bindigar farauta mai harsashi a hannun sufeto janar na 'yan sanda, ta ɗora lamarin masu ɗuri ta baki irin tamu a kan kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda ya nemi gajeruwa ta bayan fage, a hannun wa zai saya? A kasuwar da ɓarayin suke saye. Kuma ranar da ta shigo gari, ba za ta tsaya a bakin gari ba. Za ta je rikicin gona, ta je rabon gado, ta je zaɓe. Tana shiga ƙarƙashin babbar riga ba wanda ya sani, ba ta da layar gidan kowa, harsashinta ba ya faɗin sunan wanda ya harba. Mun ga yadda sa-kai ya rikiɗe ya zama ramuwar gayya a wasu yankunan Zamfara da Katsina, kuma gemun ɗan'uwa in ya kama wuta, ruwa ake shafa wa nasa.

Ita kanta doguwar, amincinta a gida yake. A watan Maris na 2025, mafarauta 16 da ke dawowa Kano daga Fatakwal don yin Sallah aka kashe a Uromi ta jihar Edo, bayan an ga bindigoginsu na farauta a cikin motar da suka hau. A can babu wanda ya iya karanta jan fata da wuri, babu sarkin bakan da zai ce na san ubansa. Ranar da labarin ya iso, gidajen maharba da yawa a nan ba a ci tuwon dare da daɗi ba.

Shi ya sa muke roƙon abu biyu a lokaci guda. Hukuma ta kawo masu gajeruwar na halal, waɗanda aka horar kuma ake iya tuhuma, su tsaya a kan iyakokinmu da daddare, kada a bar wa mai adaka aikin soja. Mu kuma mu rubuta sunan kowace doguwa a wurin sarkin baka da ofishin 'yan sanda, mu nemi takarda kafin mu tsallaka da ita wata jiha. Yaron da ya ƙware da AUG a waya, in yana son harbi na gaske, ga burgami nan ya fara ɗauka. Kaka ta kusa, ciyawa za ta bushe, karnuka sun fara ƙosawa.